Hancin Motata

Da na sayi mota da albashina na koyarwa a Funtuwa, burina ɗaya ne: in kai Inna ƙauyensu bayan Malumfashi, ƙannenta su gan ta a motar 'yarta. Sau ɗaya ta shiga. Kafin mu kai kasuwa sanyin esi ya daskarar mata da gwiwoyi, ta sauka tana ɗingishi, ta ce ita da wannan firiji har abada. Ga bazara, in an kashe esi a gasu, in an sauke gilashi ƙura ta tayar mata da tari. Sunan jikan ƙanwarta ya matso, har ta fara cigiyar bas. Abin ya tsaya mini a rai.

Na murɗa maɓallan esin, na danna, motar ba ta san kaɗan ba. Na kira bakanike a waya.

"Malama, akwai ɗan hanci kusa da sitiyari," in ji shi. "Da shi take jin zafin ciki. In ya toshe, sai ta yi ta hura sanyi ba ji ba gani."

Na durƙusa ina lalube, zufa sharkaf. Babu hanci babu dalilinsa, sai sitikar addu'ar tafiya da Inna ta manna da hannunta ranar da aka kawo motar. Na ɗaga gefenta da farce. Sai ga 'yan ramuka kamar na rariya! Ihun da na yi har kaji suka watse.

To amma wa ya isa ya ɓare addu'ar Inna? Na kirawo ta.

"Inna, ashe ke kika toshe mata hanci."

"Ni? Allah Ya shirye ki." Ta leƙa sitikar. "To ɗago ta sama. Dama sunan Allah ba na wajen gwiwa ba ne."

Muka mayar da ita saman gilashi. Na share ramukan, na tayar da mota. Na kara ƙanƙara a hancin, sanyi ya lafa. Na kara kofin shayi mai zafi, ya taso. Na yi ta maimaitawa ina ƙyalƙyata dariya, har Inna ta ƙwace shayinta.

Ranar suna muka ratsa gonakin da ake ta shara, tana ta zuba mini labarin masu su. Da muka isa ta ƙi buɗe ƙofa sai da ƙannenta suka fito kaf. Sannan ta sauke gilashi a hankali.

"Ku matsa mana," ta ce, "'yata za ta gyara tsayuwa."