Ƙofar da Baba Madubi Ya Shafe

Shekara talatin da ɗoriya Baba Madubi yana yi wa motoci fenti a lungun ƙarshe na gareji, bayan rumfar masu walda. Sunan ba a banza ya same shi ba, don in ya gama da mota mutum na iya gyara zaman hularsa a jikinta. Gajere ne, faratansa ba su taɓa zama kala ɗaya ba, matarsa kuwa tuni ta haƙura da warin fenti a matashin kai. Ba ya ha'inci, ba ya saɓa alkawari, amma fa in ya kafe ko jaki albarka. Abin da ya tsana a duniya shi ne ido ya ga tsaga a jikin mota. Wasu shafi biyu suke yi su kama gabansu. Shi sai ya cike kowane rami da fila, ƙullun nan na toshe tsaga, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya yi shafi huɗu.

Mijin autarsa direba ne. Shekara tara yana jan motar wasu kafin Allah ya hore masa tsohuwar bas mai kujera talatin. Wata masana'anta ta yarda ya riƙa ɗauko mata ma'aikata, da sharaɗi ɗaya: ya kawo takardar shaidar lafiyar mota kafin mako biyu su cika, in ba haka ba a ba na bayansa. Baba ya ce fenti nasa ne, kyauta, kuma kada wanda ya sa masa baki.

Kwana goma sha biyu ya yi a kanta. A baya akwai wata ƙofa da ba mai bin ta, gefenta duk tsatsa, hannunta ja, da wani koɗaɗɗen rubutu a samanta. Baba ya dube ta ya ja tsaki. Ya cike tsagar ciki da waje, ya shafe rubutun, jan hannun nan ma ya mai da shi ruwan madara kamar sauran cikin motar. Wallahi aiki ya yi kyau, wannan ba mai musu. Kanikawa har zuwa suke yi kallo.

Ranar ƙarshe da hantsi jami'ar duba motoci ta iso gareji, wata siririyar mace da takardu a hammata. Ta duba birki, ta duba fitilu, ta girgiza tukunyar kashe gobara. Baba na tsaye gefe yana jiran yabo. Sai ta shige ciki har kujerar ƙarshe, ta tsaya tana dube-dube.

"Direba, ina ƙofar gaggawa?"

Surukin ya nuna mata. Ta laluba ta samu hannun, ta murɗa, ko motsi. Shi ma ya sa kafaɗa ya tura har jijiyar wuyansa ta tashi. Ina!

Baba ya leƙo ta taga. "Ranki ya daɗe, ai wannan ƙofar ba a bin ta."

"Haka ne, Baba. Ba a bin ta sai ranar da ta gaba ta ƙi buɗuwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce doka ta nemi ƙofar ta buɗu daga ciki da hannu ɗaya, ko na tsohuwa ne, hannun ƙofar ya zama ja, rubutu kuma ya fito yadda mai rawar jiki zai gan shi cikin hayaƙi. Tana da wasu motoci uku da za ta duba, za ta dawo ƙarfe uku. In ƙofa ba ta buɗu ba, ba za ta sa hannu ba.

Surukin ya sunkuyar da kai. Ya za ka yi da uban matarka da ya yi maka aiki kyauta? Can dai ya ce a hankali, "Baba, ko in kira masu walda?"

"Su taɓa mini aiki? Matsa."

Ya zaro wuƙar kankare fenti daga aljihu. Ya daɗe tsaye kafin ya sa bakinta a inda tsagar take, don shi kaɗai ya san wurin. Fila ta riƙa tsagewa tana zuba a ƙafarsa, fenti na ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma kowa ya gani a fuskarsa, shi ya sa ko masu walda da bakinsu ba ya shiru ba su tsokane shi ba. Ya kankare gefuna, ya zuba mai, ya ɗauko ɗan buroshi ya mai da hannun ja, ya rubuta manyan haruffa a sama. Bayan bas ya koma da baƙin layi zagaye da ƙofa, irin wanda ya yi shekara talatin yana zagin wasu a kansa.

Da jami'ar ta dawo, shi ta sa ya zauna a kujerar ƙarshe. "Da hannun hagu, Baba."

Ya murɗa, ƙofa ta wangale. Ta sa hannu a takarda ta miƙa wa surukin, ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya. Har ta juya za ta tafi, sai ta waigo.

"Baba, bas nawa ka yi wa irin wannan aikin?"

Ya fara lanƙwasa yatsu: biyu na masu dogon zango, ɗaya ta asibiti, uku na cikin gari. A yatsa na bakwai ya tsaya. Bara waccan ya yi wa bas ɗin wata makarantar ƙananan yara, rawaya, shafi huɗu, har shugabar makarantar ta aiko masa da wasiƙar yabo.

Surukin ya tada mota. "Baba, hau in sauke ka gida."

"Ba gida za ni ba." Ya goge wuƙar a gefen wandonsa, ya ɗauki gwangwanin jan fenti. "Ƙarfe nawa ake tashin yaran nan?"

"Huɗu, Baba."

"To taka, don Allah. Kada su riga mu shiga."