Mai Nonon da Na Nuna da Yatsa

Har yau in na ji ƙarar injin niƙa, ni ba gero yake tuna mini ba, dutse ne.

Shekarar da aka samu zinariya a wajen Anka ina 'yar shekara goma sha ɗaya a Duza. Baba ya jingine fartanya, ya koma kwaso duwatsu daga rami, ana niƙa su a tsakar gidanmu. Ƙurar takan sauka a tabarma, a bakin randa, har a kan tuwon da Inna ta rufe. Ba wanda ya damu, tunda da ribar aka sayo janareta da talabijin.

Kawuna, malamin firamare a Gummi, shi ya kawo mana faifan wani shirin Turawa na ɗan sanda mai binciken kisa. Ya ce daga littattafai aka ciro labarin, har ya karanta biyu. Duk Juma'a bayan la'asar zaure yakan cika, Kawu yana fassara mana. Kusan kullum sai an zuba wa wani guba a shayi, a ƙarshe mai binciken ya tara jama'a ya nuna mai laifi da yatsa. Ni kuwa da shegen iyayina, sai na ɗauka na gama koyon aikin.

Da bazara ta tsananta, ƙanena mai shekara biyu ya fara amai, yana sandarewa, idanunsa na juyewa. Kafin sati yara uku a maƙwabta sun kwanta da irin ciwon, biyu suka rasu. Wasu suka ce iska, wasu suka ce maita. Ni na ce guba ce, kuma guba sai da mai zubawa.

Akwai wata tsohuwa Bafulatana mai kawo nono daga ruga. Duk gidajen nan tana shiga, kuma takan lakato man shanu ta sa wa ƙanena a baki. Ranar da ta zo, maza na zaune a zaure, na miƙe na nuna ta.

“Ita ta! Na gane ta tana sa mai abu ga baki!”

Kakata ta finciko hannuna. “Ke ɗiyag ga, mi kinka sani? Kama bakinki!”

Amma magana zarar bunu ce. Aka kifar da ƙwaryarta, aka ce kada a sake ganin ƙafarta a garin. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki faifan murfinta, ta kakkaɓe ƙurar da ta hau kai, ta dube ni ta ce, “Allah na gani.” Washegari injin ya ci gaba da niƙa. Bayan kwana tara muka rasa ƙanena.

Daga baya likitoci suka zo, suka auna ƙasar gidanmu, suka ce dalma ce a cikin dutsen, ita yaran ke shaƙa suna lasa. 

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon irin shirin, suna gardamar wa ya yi kisan. Ni ba na sa baki. Na yi cigiyar tsohuwar, aka ce rugar ta tashi tun a shekarar, hanyar ma ta daina biyuwa. Ka ga, ko sunanta ban sani ba, mai nono kawai muke ce mata. Ina so in roƙi gafara, ban san ƙofar wa zan je ba.