Gardamar Bado da Kyanwar Daji

Kakata ba ta iya jera tatsuniya ba. Da mun gama cin tuwo a gidanmu na Guci, sai mu kewaye murhunta, ta fara labari daga tsakiya, ta tsaya korar akuya, sannan ta koma farko. Ni kuwa tun ina yaro nake son abu bi da bi.

"Kaka, wa ya fara magana?"

"Kai, mijina, ka cika tsari kamar ɗan sanda. Zauna!"

Ga yadda na jera ta da kaina. Da farko kyanwar daji ta fito daga sabara ta zo tabki shan ruwa. Sai ta ga farin furen bado, ta yi masa dariya: ba shi da ƙafa, ruwa na ƙafewa ya mutu. Sannan bado ya ce shi barci yake yi cikin laka har damina. "Ke kuma gidanki itace ne, mutane na da gatari."

"Wa ya ci gardamar?" na tambaya.

"Ba su gama ba tukuna," in ji ta, ta ja zane ta kwanta.

Abin ya daɗe yana ba ni haushi.

Yau gonaki sun cinye dajin. Sabarar da ta rage ita ce ta ƙarshen gonarmu, kuma bana na ga sawun kyanwa da na 'ya'yanta a gindinta. Ƙanena Sani ya zo da gatari, wai zai sare sabarar ya ƙara kunyar wake, wai kuma kyanwar ta ɗauke masa kaza.

Na kai maganar wurin malamin daji. Ya ce kyanwar da badon duk ba su yi ƙaranci a duniya ba. Na ce ban tambaye shi duniya ba, Guci na tambaye shi. Bado yana nan, duk damina yana rufe tabki. Kyanwa kuwa 'ya'yana ba su taɓa ganinta ba.

Sani ya ce, "Yaya, kan mage za mu ɓata?"

Na ce, "Na farko, ita ke cin ɓerayen rumbunka. Na biyu, ga kazata, ɗauki. Na uku, aje gatarin nan."

Ya ɗauki kazar. Gatarin kuma yana ɗakina. Kaka ta ce ba su gama ba, to ba a gonarmu za a gama ta ba.