Kubura Mai Wa'azi a Zaune

A Tudun Gawo, wani ƙauye da ke gefen Dutsi, kusa da ƙasar Daura, akwai 'yan gidaje na Hausawa Kiristoci, jikokin Maguzawa, da majami'arsu ta jar ƙasa mai rufin kwano. Nan aka haifi Kubura. Ginin tukwane ta gada wurin uwarta, kuma tun tana ƙarama aka san ta da tafiyar hankali. Sai ta tsaya da yumɓu a hannu tana kallon inuwar gajimare na ratsa gonakin gero, har ƙasar ta bushe mata a yatsu. Mijinta ya rasu da wuri, ta dawo gidan yayanta Ɗantsoho, dattijon ikilisiya, mutum mai magana ɗaya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar, ba wanda ya taɓa su. Maƙwabtansu Musulmi suka ci gaba da sayen tulu da aron garma kamar da. Amma mai bishararsu baƙo ne daga nesa, jita-jita kuma ta hana shi barci. Ya kwashe iyalinsa ya ce zai je ganin gida, bai sake dawowa ba. Jagorancin sujadar Lahadi ya faɗo kan Ɗantsoho, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Dole ta sa ya yarda Kubura ta riƙa karanta Littafi Mai Tsarki daga ɓangaren mata, shi kuma ya yi wa'azi.

Wata Lahadi da damina, yayyafi na kaɗa kwano a hankali, Kubura ta kai ƙarshen karatu amma ba ta yi shiru ba. Idonta na kan taga, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin mafarki. Ta ce ta ga Ubangiji yana tafe cikin gona bayan ruwa, ƙafarsa duk taɓo, yana sunkuyawa yana tayar da geron da iska ta kwantar, ba ya tambayar ko gonar wa ce. Wata tsohuwa ta share ido da gefen zane.

A gida Ɗantsoho ya ce, "Kubura, karatu na ce ki yi. Mace ba ta wa'azi a gaban maza."

"Yaya, ni ma ban san na fara ba."

Ya daɗe yana juya sandarsa, don shi ma maganar ta shige shi. Daga ƙarshe ya yanke: muddin tana zaune a tabarma, abin da take yi hira ce, ba wa'azi ba. Haka aka yi shekaru, Kubura na hirarta, mutane na komawa gida da sanyin zuciya.

A can sama kuwa, ɗarikarsu ta ɗauki zafi. Duk taron da shugabanni suka yi a birni, a kan maganar naɗa mata su zama fastoci ake tashi baram-baram. Wasu na cewa abin da aka rubuta ba ya tsufa, wasu na cewa a duba zamanin da aka rubuta shi da mutanen da aka rubuta wa. Ana cikin haka aka turo wa Tudun Gawo Fasto Sada, matashi daga wajen Mai'aduwa, bai daɗe da gama makarantar tauhidi ba. Ran da ya fara jin Kubura, hirarta ta kama shi. Bayan sujada ya sami Ɗantsoho a zaure.

"Baba, baiwar da Allah ya ba Mama ba ta tabarma ba ce. Ya kamata ta hau bagadi ta yi wa'azi."

"Fasto, an ce mace ta koya cikin shiru. Ba ni na faɗa ba."

"Su wa suka fara tarar da kabarin Ubangiji wayam, Baba? Ba mata ba ne? Su aka aika su sanar da maza."

"Aike daban, shugabanci daban," in ji Ɗantsoho. "In ka zare kara ɗaya a danga don bai yi maka ba, gobe akuya ce za ta zaɓi sauran."

Ba wanda ya ɗaga murya, ba kuma wanda ya sauko. Kubura na tsakar gida tana goge bakin tukunya da ganye, tana jin sunanta na kai da komo kamar sunan wata daban.

Fasto Sada bai bar ta ba, har ta yarda. Lahadi bayan girbi ta taka matakalar bagadi. Daga can sama ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: furfurar da ta cika kan yayanta, da hasken da ke zubowa ta hujin kwano yana sauka a kafaɗun mutane. Kafin ta buɗe baki, Ɗantsoho ya miƙe, ya lalubi bango ya fita. Kusan rabin maza suka bi shi, da matansu. Ta yi wa'azinta, masu saura suka ce ya yi daɗi, amma ita ta san da rabin zuciya ta yi shi.

Tun daga ranar sujada ta rabu biyu, ɗaya a majami'a, ɗaya a zauren Ɗantsoho. Kubura ba ta fasa hawa bagadi ba in an kira ta, ba ta kuma fasa dama wa yayanta fura ba. Da yamma takan karanta masa Littafi, har da ayoyin da yake kafa hujja da su a kanta. Ba ta tsallake ko ɗaya, shi kuma bai taɓa cewa ta maimaita ba.

Ɗantsoho ya rasu bai canza ra'ayi ba. Ya bar wasiyya cewa maza kaɗai za su yi magana a jana'izarsa. Fasto Sada ya so ya ja, Kubura ta ce, "Bar shi, ɗana. Ranarsa ce." Ta zauna cikin mata tana amsa gaisuwa, maƙwabciyarta Inno na gefenta da carbi a hannu.

Daga baya aka sauya wa Fasto Sada wurin aiki. Shugabanni a birni har yanzu ba su gama magana ba. A Tudun Gawo, da safiyar Lahadi, 'yan majami'a na buga tsohon wilin mota don kiran sujada, 'yan zaure na buga bakin garma, sautin biyu su haɗu a kan gonaki su bazu. Kubura ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, ba ta iya bambance su sosai. Takan yafa gyale ta fito, wani lokaci ta tsinci kanta a nan, wani lokaci a can. Duk inda ta shiga, matsa mata ake yi ta zauna.