Azumin Ƙanwata

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Gyaɗi-Gyaɗi zancen siyasa yake, ni kuwa ƙanwata nake kallo tana ƙarewa. Tana sakandare lokacin. Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara Talata, daga baya kullum aka ajiye abinci sai ta ce, "Ina azumi." To, wa zai ce wa mai azumi ci? Baba har alfahari yake a masallaci. Inna ke ajiye mata tuwon buɗa-baki, amma ni ke shara, ni na san kajin maƙwabta ke cinyewa.

Rannan na tarar da ita a ɗaki tana matsa fatar cinyarta tana kuka, wai ta yi ƙiba. Ƙiba! Yarinyar da awarwaro ke wucewa har damtse.

Na faɗa wa Baba, ya ce hassada nake yi wa mai ibada. Gwaggonmu ta taso daga Tarauni da rubutun sha, ta ce iska ce. Rubutun ma ƙanwata ta ƙi sha don an sa zuma.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, wane irin azumi ne ba sahur ba buɗa-baki? Yunwa ce za ta kashe maka 'ya kana sa mata albarka!" Ya ce in na fita da ita kada in sake taka masa gida. Na yafa mayafi, na tare tasi, na kai ta asibiti.

Likita ya ce cuta ce sananniya, anoreksiya. Tana sa mutum tsoron abinci, ya riƙa ganin ƙiba inda babu sai ƙashi, kuma zuciya na iya tsayawa. Aka ba ta gado. Ta zage ni, ta ce na tona mata asiri, ta tofar da kunun farko a zanina. Na goge, na sake ɗebo cokali. Na sha kuka a bayan ɗakin da aka kwantar da ita, amma ban bari ta gani ba.

Ba ta warke da wuri ba, kuma Baba ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Har yau a dangi akwai masu cewa ni na raba ta da ibada. Su yi ta faɗa. Jiya ta aiko 'yarta aron babbar tukunyata, za ta yi baƙi.