Kumatun Uwar Amarya

Duk wanda ya taɓa karyawa da waina a bakin tashar Kankiya ya san hannun Halimatussa'adiya, ko da bai san cikakken sunanta ba. Sa'adiya Mai Waina ake ce mata. 'Yar Rimaye ce, aure ya kawo ta gari gidan Malam Ɗalha, malamin Islamiyya, mutum mai sanyin magana wanda ko akuya ba ya ɗaga wa murya. Ita kuwa Allah ya yi ta da jiki da dariya, in ta zauna gaban tanda sai ka nemi kujerar ka rasa.

Abu ɗaya take tsoro a duniya, makanta. Ciwon suga ne ya cinye idon mahaifiyarta, ita ce kuma ta yi ta jan hannun tsohuwar har ta rasu. Don haka ranar da aka gwada jininta a asibiti aka ce ita ma abin ya kama ta, ba ta tsaya gardama ba. Malam na zaune a gefenta ma'aikaciyar jinya ta yi bayani: ban da tuwo, ban da shinkafa, ban da fura, wainar ma sai dai ta soya wa wasu. Malam ya gyaɗa kai ya ce in Allah ya so za a kiyaye.

Ta kiyaye kuwa. Kwaɗon zogale, dafaffen ƙwai, kifi in an samu, wake ɗan kaɗan. Mace tana juya waina tun safe, ƙamshi na dukan hancinta, amma ko gutsure ba ta kaiwa baki. Wani watan nauyin ya sauka, wani watan ya tsaya cak, da Sallah ya ɗan hau, ta ciji leɓe ta ci gaba. Sannu a hankali gwiwoyinta suka daina ciwo, zanenta ya fara zagaye ta har da saura, suga ya kwanta.

Sai dai mutanenmu ba su yarda akwai ramar lafiya ba. In matar aure ta rame, ko dai ciwo ne, ko kuwa miji ne. Masu sayen waina suka shiga yi mata sannu.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yarta Ulfa da wani ɗan Kusada. Yayarta, Adda Hannatu, ta taho daga Rimaye tun da sauran lokaci don shirin biki. Tana ganinta ta riƙe haɓa.

"Sa'adiya, mi ya cinye ki haka? Da wannan wuyan za ki tarbi dangin ango?"

"Adda, ai lafiyata ce ta dawo."

"Lahiya ba ta kama da haka."

Adda ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ma koma mai taimako, kullum sai ta haɗa mata zoɓo da citta, babu sukari, ta miƙa mata a bakin tanda. Sa'adiya ta ji daɗi har ranta, ta ce yanzu 'yar'uwarta ta fahimce ta.

Daga nan jikinta ya rikice. Ga yunwa kamar ta ci babu, ga ƙishirwa, fuska ta fara cika, idanu suna yi mata hazo-hazo. Da ta koma asibiti nauyi ya hau, suga ya yi sama. Ma'aikaciyar jinya ta dube ta ta ce, "Hajiya, ki gaya mini gaskiya, kin koma wa waina." Ta rantse, ba a yarda ba. Ta dawo gida tana kuka, ta gaya wa Malam. Ya ce ta yi haƙuri, haka jiki yake, yau sama gobe ƙasa. Ta ɗora wa kanta laifi, ta daina ko waken. Akwai ranar da ta ɗauki waina mai zafi ta ce in ganye ma ƙiba yake sa ta, me ya rage? Ta daɗe riƙe da ita kafin ta mayar cikin kwano.

Ranar yinin biki mata suka cika gida, kowa na yaba uwar amarya: ga kumatu, ga sheƙi, Malam ya iya kiwo. Adda ba ta iya jin yabo ya wuce ta. Ta gyara zama ta ce, "Ni za ku gode mawa. Ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe nike daka mata cikin zoɓo. Da ba don su ba, da kun iske ta kamar karan dawa."

Sa'adiya na tsaye da faranti a hannu. Ta ce a hankali, "Adda, ni kika yi wa haka? Ke da kika ga yadda Inna ta ƙare?"

"To mi ya yi zahi? Kuma ai ba ni kaɗai ba ce, Malam ya sawo su da hannunshi."

Ba ta tayar da hankalin kowa ba, ranar 'yarta ce. Ta raba abinci, ta yi murmushi a hoto. Washegari ta iske Malam a zaure.

"Malam, kana zaune aka faɗi abin da zai taɓa mini ido."

Ya sunkuyar da kai. "An tare ni a masallaci, an tambaye ni ko abinci ne ya gagare mu. Na ce kwana kaɗan ne, biki ya wuce a daina."

"Ranar da na zo maka da kuka fa?"

Ya shiga jan carbinsa. Wannan shi ya fi ƙona mata rai. Adda dai jahilci ne da son a yaba, amma shi ya san dalilin kukan, ya bar ta tana zargin kanta.

Ta koma kan zogalenta. Kumburin ya saɓe, suga ya sake kwantawa, sai dai idonta na hagu bai washe ba, likita kuma bai yi mata alkawari ba. Har yau tana bakin tasha tana juya waina, tana ɗan karkata kai don ta ga ramukan tanda da kyau. Ba ta bar gidan Malam ba, ba ta kuma taɓa ɗaga masa murya ba. In ya miƙo mata ruwa takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye, sannan ta tashi ta je randa ta ɗebo da kanta.