Mai Gada da Ƙanin Matarsa

Malamin lissafi ne a wata sakandare, amma a ɗakin malamai Mai Gada suke kiransa. Sunan ya samo asali daga wata 'yar manhaja da ya rubuta don tattara makin ɗalibai, wadda ke haɗa kowace manhaja da rumbun bayanai kamar gada. Ya ɗora ta a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Shekara goma sha ɗaya, duk lokacin tara yana kan tebur ɗin kusa da taga yana amsa ƙorafin mutanen da bai taɓa gani ba. Asibitoci na amfani da gadar, da kantunan magani. Ba safai ake gode masa ba, shi kuma bai damu ba.

Sai idonsa ya fara mutuwa. Ya ƙara girman haruffa har kalma uku ta cika allo, daga baya ko hakan ya gagara. Ya kira ƙanin matarsa, wanda ake ce wa Injiniya, ya damƙa masa kalmar sirrin aikin.

"Ka riƙe min kafin a yi min aiki."

"Yaya, ka huta kawai. Ai dama ka tsufa da wannan harka," in ji Injiniya yana dariya.

Aikin ido bai yi ba. Bayan wata biyar Mai Gada ya roƙi matarsa ta karanta masa shafin gadar. Ta karanta tana tsallake layi, ta ce komai lafiya. Da ta tafi kasuwa ya kunna muryar kwamfuta mai karanta rubutu. Muryar ba ta tsallake komai ba. An cire sunansa daga jerin marubuta. A sama Injiniya ya rubuta: "Mun share shirmen da wani ɗan koyo ya bari." Mutum arba'in sun danna alamar dariya.

Mai Gada bai gaya wa kowa ba. Ya saurari sabon rubutun layi-layi, kwana shida, har ya gano kuskure: gadar na juya rana da wata a ranar lalacewar magani. Ya lalubi madannai ya aika gyara. Amsa ta zo daga Injiniya cikin awa ɗaya: "Sabon shiga, ka fara karanta ƙa'idojinmu." Aka rufe masa shafin.

Ran Asabar Injiniya ya zo gaishe da yayarsa. Ya zauna a kujerar Mai Gada, ya ci ya ƙoshi, sannan ya matso.

"Yaya, wannan maganar kwanan wata, a wane layi ka ce take?"

Matar ta ajiye kofi da ƙarfi. Mai Gada ya tuna da masu shan maganin.

"Layi na ɗari biyu da tara."

Washegari gyaran ya fito da sunan Injiniya. Wani baƙo ya rubuta a ƙasa cewa da tun farko irinsa ne ke riƙe da aikin, da ba a sha wahala ba.